Tabon Ƙeyar Yaya

Litinin, da yamma

Yaya ya zo bayan na sallami mutane, kamar yadda yake yi tun da ya dawo. Na ja ƙofar shago, na sauke labule, sannan ya cire hula. Ni kaɗai nake ganin kansa. Ko Umma ba ta sani ba, ita a zatonta kwas aka tura shi daga wurin aiki.

Gaban ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Inda da yake sulɓi kamar bayan cokali, yanzu gashi ya tsiro, ya fara haɗe baki. Sanƙon nan na marigayi Baba ne, mu biyu ya raba wa. Yaya ya je an raba shi da nasa. Nawa yana nan yana cin gaba, shi ya sa nake aski da hula a kaina tun safe har in tashi.

Ga abin da likitocin suka yi masa. Sun yanki fata siririya a ƙeya, daga bayan wannan kunne zuwa bayan wancan, suka tsittsince gashin da ke jikinta suka dasa a gaba, suka ɗinke bayan. Wurin ɗinkin shi ne tabon. Farkon dawowarsa ja ne jawur, ya ɗan tasa, kamar tsutsar tana ce ta kwanta masa a kai. Yaya fari ne, Umma ya ɗauko, ko sauro ya cije shi sai unguwa ta sani. Ni Baba na ɗauko, har launin.

Ya ce, “Auta, ya ka gani?”

Na ce da saura. Kuma da sauran.

Laraba, da safe

Na tsallaka titi na sayi auduga a kemis. Ƙarama.

Yarinyar da ke sayarwa ta ce, “Malam Almakashi, ba shekaranjiya ka saya ba? Ci kake yi?”

Na ce kawunan mutane ne suka yi yawa. Ta yi dariya har ta dafa tebur.

Tun da ta fara aiki a wurin ƙarama nake saya. Babbar ta fi daɗewa, na sani.

In na tsaya a bayan kujera, madubina yana ɗauko ƙofar kemis ɗin da rabin teburinta. Ba don haka na kafa shi a wurin ba. To, na ɗan karkata shi.

Asabar, da yamma

Yau na manta da labule. Yaya yana kan kujera yana kallon madubi, amma ba kansa yake kallo ba. Mai aski ya san inda idon mutum yake.

Ya ce, “Auta, yarinyar can ta kemis. Kai da kake ganinta kullum, yaya halinta?”

Na ce ba laifi.

“Ba laifi kawai?”

Na ce tana ba da canji daidai.

Ya yi dariya, ya ce in kashe inji zai gaya min wani abu. Wai bara ya shiga sayen maganin ciwon kai, ba hula, ta ɗago ta ce masa, “Sannu Baba, me za a kawo?” Baba! Shi da ko aure bai yi ba. Ya ce ranar bai iya cin abinci ba. Ya ce, “Saboda ita na kwanta aka yanka ni. Ranar da tabon nan ya daina ja, zan jefar da hular nan in je in gaya mata abin da ke raina. Ba zan je mata da ciwo a kai ba. Kai ne idona, Auta. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa.”

Na ce Allah ya sa alheri. Na kakkaɓe masa wuya. Na ce Allah ya sa alheri, ina jin sau biyu na faɗa.

Lahadi

Ban buɗe ba.

Talata, da azahar

Ba mutane. Na wanke matazai, na sake wanke su.

Takalmin Yaya nake gada tun ina yaro. Rigar makarantarsa, jakarsa, har littafin da ya riga ya cike amsoshin. Da Baba ya rasu aka ce ɗaya zai ci gaba da karatu, ɗaya zai koyi sana’a. Ba a yi ƙuri’a ba, kowa ya san wane ne wane. Shi yana ofis mai sanyi, ni ina share gashin mutane. Ban taɓa jin haushi ba. Na rubuta ne don in gan shi a rubuce. Ban taɓa jin haushi ba.

Amma ita ba a hannunsa na gan ta ba. Ni na fara gani. Na san tana atishawa in an buɗe sabon kwali. Na san in tsoho ya shigo da takardar asibiti sai ta zagayo ta karanta masa a kunne. Shi me ya sani? Ta ce masa Baba.

Zan yi mata magana. Lokaci kawai nake so, kaɗan.

Alhamis, da yamma

Ranar hoto. Likitansa yana son a riƙa tura masa hoton ƙeyar ta waya, ni nake ɗauka.

Da ya cire hula sai da na matsa kusa. Tabon ya kwanta. Ya daina tasowa, na bi shi da yatsa ban ji tudu ba. Jan ya tafi, ya koma kalar tafin hannu, siriri kamar zare. In aka bar gashin sama ya ɗan yi tsawo, lamba uku a injin aski, zai sauko ya rufe shi, ko matar mutum sai ta nema.

Ya ce, “Ya ka gani?”

Na ce bari in goge tukuna.

Ina da butar lantarki da nake dafa ruwan tawul, na masu gyaran gemu. Kowane mai aski ya san tawul mai zafi yana tausasa fata. Abin da na lura da shi ni kaɗai, sabon tabo yana riga sauran fata jin zafi. Na matse tawul na ɗora masa a ƙeya. Ya lumshe ido ya ce, “Kai, wannan da daɗi.” Na bar shi ya jima. Da na ɗaga, layin ya fito ja daga kunne zuwa kunne.

Na sa lamba ɗaya na kwashe gashin da ke kewaye. Na ce iska wurin yake so. Na ɗauki hoto. Na riƙe masa ƙaramin madubi a baya ya gani da idonsa.

Ya ƙare masa kallo. Sannan ya mayar da hula.

Da saura, in ji ni.

Juma’a, da hantsi

An ɗauke wuta a layinsu, ta kawo waya caji. Ta zauna a bencin jira tana kaɗa ƙafa. Ba kowa sai ni da ita da ƙarar fanka. Na shirya maganar tun daren jiya, har da inda zan tsaya in numfasa.

Ta ce, “Mai hular nan da yake zuwa in za ka rufe, yayanka ne ko? Kuna kama ta baki. Shi ba ya jin zafi ne? Kullum hula. Kai ma haka. Gidanku sayar da ita kuke yi?”

Ashe tana kallon ƙofata. Ashe ba ni take kallo ba.

Na buɗe baki. Abin da ya fito, “Kuna da sifirit?”

Ta ce akwai.

Lahadi, bayan azahar

Mun ci abinci wurin Umma. Yaya da hularsa a kan tabarma. Umma ta ce, “Wai ni hular nan da ita na haife ka? Kai ma Auta, cire taka, ai na san abin da ke ciki. Goshinka ya kusa gaisawa da ƙeyarka.” Ta zuba wa Yaya nama, ta ce ya rame.

Ya rame ɗin. A tsakar gida ya ja ni gefe ya nuna min waya. Hotunan mutane ne da tabo ya kumbura musu a ƙeya, ya yi ƙulu-ƙulu yana girma. Ya ce ba ya barci, sai ya yi ta shafa wurin yana jin kamar ya ƙaru.

“Tsakaninka da Allah, Auta, irin wannan ne?”

Na ce a’a, ba irinsa ba ne. Wannan ma gaskiya ne. Ya riƙe hannuna ya ce shi ba shi da kowa a wannan maganar sai ni.

Naman da Umma ta ba ni a kwano na bar shi.

Talata

Auduga. Ta tambaye ni ya gida. Na ce lafiya.

Alhamis, da yamma

Tawul. Lamba ɗaya. Hoto. Da saura.

Wannan karon sai da na ƙara dafa ruwan, na farko bai tayar da shi sosai ba. Tabon yana warkewa ko ina so ko ba na so.

Asabar, da safe

Likita ya amsa. Yaya ya kira ni. Wai ya kamata a ce jan ya lafa zuwa yanzu. A sayi wani man tabo a riƙa shafawa, in bai sauya ba ya koma a yi masa allura a cikin tabon. Yaya da yake rufe ido in ya ga ana yi wa wani allura. Ya turo min sunan man, ya ce in tsallaka in sayo, kada in ce nasa ne.

Na nuna mata a waya. Ta ce iri biyu ne da su, wani na tabon da ya taso, wani na wanda ya kwanta. “Na wa ne?”

Na ce wani mai zuwa aski.

“To ka turo shi in gani. Ba na ba da magani a kan labari.”

Na gaya wa Yaya yadda ta ce, kalma da kalma. Na san ba zai je ba. Mutumin da yake ɓoye wa uwarsa kai.

Litinin, da la’asar

Ya je.

Tela maƙwabcina ne a kan kujera, yana ba ni labarin wata da ta kawo yadi ɗaya tana son riga da zane da ɗankwali. Na ɗaga ido na ga Yaya a madubi, da kayan ofis, yana tsaye a ƙofar kemis. Ya wuce. Ya dawo. Ya shiga.

Ba na jin abin da suke cewa. Na ga ya yi magana yana kallon ƙasa. Na ga ta zagayo daga bayan tebur, yadda take yi wa tsofaffi. Sai ya sa hannu ya cire hular. Da rana tsaka, ƙofa a buɗe. Ta kalli gaban kansa, ta rufe baki da hannu, ba irin dariyar da take yi min ba. Ta ja masa kujera ya zauna, ya sunkuyar da kai. Ta sa safar hannu. Ta bi layin da yatsa, daga wannan kunne zuwa wancan, a hankali.

Layin nan ni na wanke shi tun yana da ɓawo.

Tela ya yi ƙara. “Kai! Aski na zo ko kaciya? Ka ci min kunne!”

Na ba shi haƙuri, na danna masa auduga. Ya ce Allah ya sa ina da ita da yawa. Na ce ina da ita.

Yaya ya fito da hular a hannu, ba magani. Ya tsaya a bakin titi ya kalli shagona. Na ɗauka zai tsallako. Ya tare mota ya tafi.

Alhamis, da yamma

Na sallami mutane da wuri. Na sauke labule. Bai zo ba.

Juma’a

Bai kira ba. Ban kira ba. Wayarta ma ba ta zo caji ba, ko da yake an ɗauke wuta.

Lahadi, bayan azahar

Yaya ya shigo gidan Umma kai a buɗe. Ta saki ludayi. Ta yi salati, ta shafa, ta ja gashin ta ji ko manne shi aka yi. Ya gaya mata komai, har yankan. Ta ce, “Yanzu saboda Allah fatar da na haifa aka yanka ban sani ba?” Ta yi faɗa, ta yi kuka kaɗan, ta koma tana dariya. Ta ce ya koma saurayi. Ta dube ni ta ce, “Saura kai.”

Da ya juya zai wanke hannu na ga ƙeyar.

Wani ya taɓa ta. Na san hannun, Dogo ne, mai shago a bakin mahaɗa. Ba ya sa wa injinsa mai, cizo yake yi ba yanka ba. Ya ɗaga layin wuya sama da inda Allah ya ajiye shi, hagu ya fi dama. Ya kwashe gashin har tabon ya fito fili, fari-fari, kowa na iya gani. Kuma Yaya yana yawo da shi haka, ko a jikinsa.

Tun ina koyo, a kan Yaya na fara riƙe inji. Na yi masa ramuka a kai ya tafi makaranta da su bai ce uffan ba. Tun daga ranar ba wanda ya taɓa kan nan sai ni da likita. Dogo!

Ban san wanne ya fi ci min rai ba, yatsanta ko injinsa. Na zauna ina auna su har abinci ya huce.

Ya miƙo min ruwa ya ce, “Ungo.” Bai ce Auta ba.

Talata, da hantsi

Na tsallaka. Na ce auduga.

Ta ce, “Babba ko ƙarama?” Ba ta taɓa tambaya ba.

Na ce ƙarama.

Ta ajiye a tebur amma ba ta sake ta ba. Ta ce, “Tabon yayanka ya daɗe da kwanciya. Ba ya bukatar mai, ba ya bukatar allura. Da ya nuna min hotunan da ake tura wa likita na ce wannan ai zafi ne ya taɓa shi, ya daina sa masa ruwan zafi. Ya ce shi ba ya sawa. Sai ya ce ƙaninsa ne yake ɗora masa tawul kafin hoto.”

Na kalli kwalaben da ke bayanta. Na karanta sunan wani maganin tari har ƙarshe.

Ta ce, “Malam Almakashi, audugar da ka saya a wurina ta isa a yi katifa. Kana ganin ban iya lissafi ba? Na daɗe ina cewa yau za ka shigo ka tambayi abin da ba na sayarwa ba ne. Sai ka tambaye ni sifirit.”

Na ce ina jiran lokaci ne.

“Yayanka sau ɗaya ya shigo. Ya cire hula.”

Ta saki audugar. Na biya. Ta ba ni canji daidai.

Laraba

Da ta ce min ba ta taɓa lura da ni ba, da na yi barci.

Asabar, da rana

Shago cike. Yaya ya shigo ya yi sallama ya zauna a benci kamar kowa, ya jira layi ya zo kansa. Tela yana bakin ƙofa yana cewa a yi hattara da kunnuwa. Da ya ga fuskokinmu sai ya tuna ya bar dutsen guga a wuta.

Na ɗaura masa ƙyalle a wuya.

Ya ce, “Jibi zan je gaida mahaifinta. Dogo ya ɓata min ƙeya.”

Na ce na gani.

Ya yi ƙasa da murya don na benci. “Da ka gaya min.”

Na ce da me zai faru?

Ya yi tunani, Yaya ba ya amsa abu da ka. Ya ce, “Ban sani ba. Wataƙila da mun yi faɗa. Amma da ban kwana ina shafa kaina ina tunanin allura ba.”

Butar tana kan teburi a gabanmu. Mu duka muna ganinta a madubi. Na cire ta daga soket na sa ta ƙarƙashin tebur.

Na ce lamba nawa?

Ya ce, “Kai ne mai aski.” Ya sunkuyar da kai.

Gashin ya ɗan taso tun ɓarnar Dogo. Na sa lamba uku a ƙasa. Saman tabon ban sa inji ba, almakashi na ɗauka, na bi shi kaɗan-kaɗan yadda na sama zai kwanto a kan layin. Na sauko da layin wuya inda yake tun asali, na daidaita hagu da dama. Na benci suka fara tsaki, wani ya ce ango ake yi wa ne? Ban taɓa daɗewa a kan kai ɗaya haka ba.

Tabon yana nan. In na buɗe gashin da mataji ina ganinsa, fari, siriri. Likita ya ce ba ya ɓacewa duka, dushewa yake yi, gashi ya rufe sauran.

Na ɗaga ƙaramin madubi a bayansa. Ya miƙo hannu ya karɓe shi daga hannuna. Ya juya shi da kansa, sama, ƙasa, wannan kunne, wancan. Bai taɓa yin haka ba. Na tsaya hannu biyu a sake ina jira ya gama duba aikina.

Ya ce, “Ya ka gani?”

Na ce ya warke, Yaya.

Ya ajiye madubin. A bakin ƙofa ya ce, “Jibi da la’asar. Kawu zai je, kai ma za ka raka ni. Ka zo da wuri, Auta.”

Litinin, da safe

Na goge rigata. Hular tana kan ƙusa, ina ta kallonta, ban yanke ba tukuna.

Ɗazu Yaya ya biya ta kemis kafin ya wuce ofis. Bai jima ba. Da ya fito ta biyo shi bakin ƙofa, ta tsaya tana bin ƙeyarsa da kallo har ya sha kwana. Aikina take kallo. Ba ta sani ba, ko ta sani.

Gobe zan daidaita madubin nan. Jiya ma haka na ce.